Baƙin Sati Biyu: Wa Ke Cin Moriyar Tafiyar Mishan ta Ɗaliban Amurka?

Damina ta yi tsakiya, gero ya kai gwiwa, aka aiko mini cewa ana neman tafinta. Ɗalibai 11 ne daga wata jami'ar Kirista a Amurka za su yi sati biyu a wani ƙauye kusa da garinmu, faston wurin kuwa Turancinsa na gaisuwa ne kawai. Na ɗauki jakata na tafi. An daɗe da yin wannan, amma har yau idan na ga hoton samari da 'yan mata a filin jirgi, kowa da riga iri ɗaya an rubuta aya a bayanta, ƙauyen nan ne ke faɗo mini a rai.

Abin da zan fara faɗa shi ne yaran nan suna da kirki. Sun ci tuwo da miyar kuka ba su yamutsa fuska ba, sauro ya cije su, cikin wasu ya ɓaci, amma ba wanda ya ce a mayar da shi gida. Wata daga cikinsu ta gaya mini wata shida ta yi tana wanke-wanke a gidan abinci bayan ta tashi daga lacca, ta kuma rubuta wa dangi da 'yan cocinsu wasiƙun neman gudummawa, kafin ta haɗa sama da dala 3,000 na jirgi da biza da allurar rigakafi da masauki. In suna addu'a, hawayensu na gaske ne. Duk wanda ya ce yawon buɗe ido kawai ya kawo su, bai zauna da su ba.

Aikin da aka tsara musu tun daga can shi ne su yi wa ajujuwa uku na makarantar ikilisiya fenti, da yamma kuma su tara yara su koya musu waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki. A ƙauyen akwai mai fenti, ɗan ikilisiyar ne ma, magidanci mai 'ya'ya shida. Kullum da safe yakan zo ya tsaya a gindin mangwaro yana kallo. Da la'asar, in baƙi sun shiga hutawa, sai Baba Fasto ya yafito shi ya gyara inda fenti ya zuba a taga da inda aka tsallake, a sa masa ɗan abin da ya samu a hannu. Aikin da shi da yaran shagonsa biyu za su gama cikin kwana huɗu, su ci abincin wata guda da kuɗinsa, shi ne mutum 11 suka ƙetare teku don su yi.

Akwai kuma abin da baƙin ba su gani ba, domin mun ɓoye musu. Dogon hutunsu na Yuni zuwa Agusta, wanda suke kira hutun bazara, a wurinmu tsakiyar damina ne: rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, kowane hannu gona ke nemansa. Matan zumunta suka bar maimai, ciyawa tana cin gonakinsu, suna ɗebo ruwan wanka suna dafa na sha. Aka yanka kajin da aka ajiye don kuɗin makarantar yara. Aka yi hayar janareta. An ba da kuɗin abinci, gaskiya ne, amma ba wanda ya lissafa kwanakin gona da suka salwanta, kuma ba wanda zai buɗe baki ya faɗa, don a wurinmu abin kunya ne baƙo ya ji ya yi maka nauyi. Ranar tafiya aka yi kuka, aka rungumi juna, suka ce mun canza rayuwarsu. Na gaskata su. Tambayar da ta tsaya mini tun ranar ita ce, mu fa, me ya canza?

Wannan ba al'amarin ƙauye ɗaya ba ne. Robert Wuthnow, masanin zamantakewa a Jami'ar Princeton, ya ƙiyasta a shekarun 2000 cewa Kiristocin Amurka kimanin miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan gajeriyar tafiyar mishan a kowace shekara. Ba duka ɗalibai ba ne, amma matasa na da kaso mai tsoka. Yawancinsu ƙasashen da ke kusa da su suke zuwa, irin su Meksiko da Guatemala da Honduras da Haiti, wasu kuma su iso Kenya da Yuganda. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su Cru, wadda Bill Bright ya kafa a 1951, da InterVarsity, da su kansu jami'o'in Kirista, duk suna da tsarin tura ɗalibai lokacin hutu.

Asalin abin ba haka yake ba. A 1886 mai wa'azin nan D. L. Moody ya tara ɗalibai a Mount Hermon da ke jihar Massachusetts, kafin a watse 100 daga cikinsu suka ɗauki alkawarin fita aikin bishara a ƙasashen waje. Daga nan ƙungiyar ɗalibai 'yan sa-kai ta taso, wadda ta tura mutum fiye da 20,000 cikin shekarun da suka biyo baya. Waɗannan tafiyar rayuwa suke yi. Mu a nan mun san irinsu. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada da Thomas Kent daga Amurka, suka sauka a Legas da nufin shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa ya kasa, sai a 1902 mishan ɗinsu ta samu wurin zama a Patigi. Ita ce mishan ɗin SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, wadda kuma ta buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, inda har gobe Musulmi da Kirista ke zuwa neman magani. Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya tako ƙasar Hausa, ya yi shekaru a Zariya, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, a Najeriya kuma ya rasu a 1952.

Ba wanke su nake yi ba. Sun zo tare da mulkin mallaka, da yawansu sun raina al'adunmu, kuma wannan tabo ne da ikilisiya ba ta gama wanke shi ba. Amma akwai abu ɗaya da ba a ƙwace musu: sun zauna. Zama ya tilasta musu koyon harshe, ya tilasta musu ganin sakamakon kuskurensu da idonsu. Wanda ya haƙa rijiya a wurin da ba ruwa, yana nan ranar da ta ƙafe, mutane za su zo ƙofarsa su tambaye shi. Gajeriyar tafiya ta fara ƙarfi ne daga baya, lokacin da George Verwer, shi ma ɗalibi, ya tafi Meksiko da abokansa biyu a hutun 1957, abin da ya zama ƙungiyar Operation Mobilisation, sannan Loren Cunningham ya kafa YWAM, ƙungiyar tura matasa mishan, a 1960. Da kuɗin jirgi ya sauko, sai tafiyar da a da ake yi wa bankwanan mutuwa ta koma abin da ake yi tsakanin zangon karatu biyu. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe, hantsi na yi ya bushe. Wanda ke barin gari ranar 14 ba zai taɓa ganin abin da ya faru ranar 15 ba.

Batun kuɗi ma sai an dube shi. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, Kurt Ver Beek, malamin jami'ar Calvin ta jihar Michigan wanda ya daɗe zaune a ƙasar, ya bi sawun gidajen da aka gina wa waɗanda suka rasa matsuguni. Ya gano cewa tawagar baƙi takan kashe kusan dala 30,000 a zuwa gina gida ɗaya, alhali ƙungiyar Kiristocin ƙasar na gina irinsa a kan dala 2,000. Gida 15 ke nan a madadin ɗaya. Ga waɗanda aka bai wa gidajen kuma, bai ga wani bambanci mai ɗorewa ba tsakanin wanda baƙo ya gina masa da wanda ɗan ƙasa ya gina masa. Har hujjar da aka fi kafawa, cewa mai zuwa yakan koma ya ƙara ba da baiko don aikin mishan, ya auna ta ya tarar ƙarin kaɗan ne ƙwarai.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma tana da gaskiyarta. Kakar yarinyar nan mai wanke-wanke da ta ba ta dala 200, don jikarta ta bayar. Da an ce ta aika wa wani fasto da ba ta taɓa gani ba, da wuya ta ba da ko 20. Zumunta a ƙafa take, kuma gani ya kori ji. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama 'yan mishan na dindindin a yau, likitoci da malaman jinya da malaman makaranta, da irin wannan leƙe suka fara. Shi ya sa ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa. Abin da nake so shi ne a kira tafiyar da sunanta na gaskiya. Mai cin moriyar farko shi ne ɗalibin da ya zo. Ya zo karatu ne, ƙauyen ne makarantarsa, mutanen ƙauyen ne malamansa, kuma su ke ɗaukar wahalar koyar da shi. In aka faɗi haka tun a wasiƙar neman gudummawa, abubuwa da yawa za su daidaita da kansu. Ɗalibi ba ya zuwa da tsarin aiki a aljihu ya miƙa wa malaminsa. Ba ya kiran dattijo mai furfura da sunansa tsirara, kamar yadda yaran nan suka riƙa yi wa Baba Fasto har sai da na ja shugabansu gefe. Amma muddin aka gaya wa ɗan shekara 19 cewa ceto zai je yi, to dole ya nemo wanda zai ceta, ko da babu.

Inda wannan ya fi yin ɓarna shi ne kan yara. Ziyarar gidan marayu tana cikin abubuwan da aka fi so a waɗannan tafiye-tafiye, don ba ta buƙatar harshe ko sana'a, a ɗauki yaro a rungume kawai. A Haiti, ƙungiyar kare yara ta Lumos ta ƙiyasta yara kimanin 30,000 a gidajen marayu, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida: an yi wa iyaye alkawarin abinci da makaranta, sun miƙa 'ya'yansu. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi don ganin marayu, za a samu masu samar da marayun. A Kambodiya, UNICEF ta nuna yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, a daidai lokacin da baƙi masu ziyara ke ƙaruwa. Abin ya kai Ostiraliya a 2018 ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin jerin bautar zamani. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010 kuma, an kama Amurkawa 10 'yan cocin Baptis, yawancinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba takardu, daga baya aka gano yawancin yaran suna da iyaye.

Ko da gidan na gaskiya ne, a duba abin daga wajen yaron. Wannan satin wata ta goya shi, ta ce tana ƙaunarsa, ta yi kuka ta tafi. Wata mai zuwa wata ta zo ta yi haka. Baƙuwa takan ɗauka yaron da ya ruga ya maƙale mata daga ganin farko ƙauna ce ta motsa shi, alhali masu kula da tarbiyyar yara sun san wannan alama ce ta yaron da bai samu mutum ɗaya tsayayye ba. Mu da muka tashi a gidajen da maraya ke komawa hannun baffa ko gwaggo ko kaka, mun san abin da yaro ke bukata: fuskar da zai farka ya gani gobe da jibi da baɗi. Kuɗin jirgin mutum ɗaya zai iya riƙe irin wannan kakar da jikokinta shekara guda.

Sai batun magani. A Yuganda, Renee Bach ta fara zuwa garin Jinja a 2007 tana budurwa da ta gama sakandare, a gajeriyar tafiyar mishan. Ta dawo ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, ba ta da horon likita ko na jinya. Tsakanin 2010 da 2015 yara 105 suka mutu a hannun cibiyar. Ta ce yaran sun iso ne rai a hannun Allah, kuma a 2020 aka sasanta ƙarar da iyaye mata biyu suka shigar ba tare da ta amsa laifi ba. Ba ina cewa kowane ɗalibi zai kai nan ba. Amma tunanin da ya kai ta can yana nan a ƙananan wurare: ɗalibin da a ƙasarsa doka ba ta yarda ya yi wa kowa allura ba, ya iso ƙauye a ba shi akwatin magani ya raba, ko a bar shi ya cire haƙori don ya gwada hannu. Abin da ba a yarda ka yi wa ɗan maƙwabcinka a Ohio ba, ba ka da izinin yi wa ɗan wani a Jinja ko a Maraɗi. Ran talaka ba wurin koyon aiki ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai-tsaye, mu Kiristocin da ke zaune gida ɗaya, kasuwa ɗaya da Musulmi. Baƙo yakan ɗauki hoton yaro mai kumburarren ciki ba tare da ya tambayi uwarsa ba, ya sa a Facebook ko Instagram, ya rubuta a ƙasa cewa ya shiga ƙasar duhu ya kai haske. A da irin wannan rubutu a can yake tsayawa. Yanzu kowa na da waya, kuma ɗan mai unguwa ya iya Turanci. Baƙo ya tafi, faston da ya yi shekara 20 yana gina amana da maƙwabtansa, yana zuwa musu suna da ta'aziyya, suna aiko masa naman Sallah yana aika musu abincin Kirsimeti, shi za a tare a hanya a tambaya ko haka yake kallonsu. Haka nan in aka haɗa rabon magani ko tufafi da sharaɗin sai an zauna an ji wa'azi, an gaskata zargin da Musulmi da yawa suka daɗe suna yi cewa taimakon mishan ƙugiya ce da aka sa wa nama. Ni na gaskata bishara, kuma ina so a yi shelarta a fili. Amma wanda yunwa ko ciwo ya durƙusar, ba a cinikin bangaskiya da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, nassin da aka fi karanta wa waɗannan ɗalibai ranar sallama shi ne ya fi sukar yadda ake tura su. A Luka sura 10, Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, gajeriyar tafiya ce kuwa. Ya hana su ɗaukar jakar kuɗi da burgami da takalma. Ya ce gidan da suka shiga su fara da sallama, su zauna a nan, su ci abin da aka sa a gabansu, kada su yi ta sauya masauki. Wato ya aike su a matsayin masu bukata, waɗanda cinsu da kwanansu ke hannun mai gida, wanda kuma yake da ikon karɓarsu ko ya ƙi. Yau an juya abin. Baƙo ne mai jaka, shi ne mai tsari, mai gida kuwa ba ya iya cewa a'a, don yana tsoron in ya ƙi fenti zai rasa kwanon rufin da yake fata za a aiko daga baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an ba shi bakin faɗa, kuma sai ya tabbata faɗar gaskiya ba za ta rufe masa ƙofa ba.

Maganar nan ba ta tsaya kan Amurkawa ba. Mu ma muna tura ɗalibai. Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista na FCS da NIFES suna fita aikin bishara lokacin hutu, masu yi wa ƙasa hidima suna shiga ƙauyuka, ƙungiyar mishan ta CAPRO ma a Zariya ta fara a 1975 a hannun matasa 'yan bautar ƙasa, EMS, sashen mishan na ECWA, kuma ta daɗe tana tura masu bishara har ƙetare. Na ga ɗaliban birni sun sauka a ƙauyen Maguzawa da lasifika da janareta, sun yi kwana uku, sun ƙirga hannuwan da aka ɗaga, sun koma suna ba da shaida, ba su ko tambayi mai bisharar da ya yi shekara tara a wurin me yake bukata ba. Launin fata ne kawai ya bambanta.

Shekara biyu bayan waccan damina, shugaban tawagar ya rubuto yana tambayar me za su kawo in sun dawo. Baba Fasto ya kira ni in rubuta masa amsa, ya kira dattawa biyu da shugabar matan zumunta suka zauna. Mama, shugabar matan, ce ta fara magana. Ta ce su zo bayan kaka, lokacin hutunsu na Disamba, an gama girbi, akwai abinci, akwai lokacin zama da baƙo. Dattawa suka ce mutum huɗu sun isa, kowa ya sauka a gidan wani maimakon a ware su a gida ɗaya, kuɗin kujerun jirgin da suka rage kuma a aiko tun da wuri, magina da kafintocin gari su yi rufin ajujuwan kafin su iso. Baba Fasto ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in ƙara abu ɗaya: in da gaske zumunci ne, su ma su gayyaci matasanmu biyu su je su ga tasu ikilisiyar, su yi musu waƙa, su gaya musu yadda ake riƙe bangaskiya a inda ake ƙona majami'u.

Sun amince da duka, kuma na yaba musu. Huɗun sun zo, cikinsu har da yarinyar nan mai wanke-wanke, wadda a lokacin take karatun jinya. Ba ta taɓa akwatin magani ba. Ta yi kwanakinta a tsakar gidan Mama tana koyon daka da gaisuwa, tana rubuta kalmomi a ɗan littafi. Mai fenti ne ya yi wa sabon rufin ado, ya karɓi cikakken kuɗinsa a gaban kowa. Matasanmu biyu kuwa sun je Abuja da takardar gayyata, aka biya musu kuɗin neman biza wanda ba a mayarwa, suka tsaya a layi tun asuba. Hirar kowannensu ba ta kai minti uku ba, aka miƙo musu fasfo ɗinsu aka ce ba su nuna hujjar cewa za su dawo gida ba.